Darasin Kisan Ƙare Dangi Daga Harshe Yake Farawa

Ranar 27 ga Janairun kowace shekara, makarantu a ƙasashe da dama kan tuna isar dakarun Tarayyar Sobiyet sansanin gwale-gwale na Auschwitz da ke Poland a 1945, inda 'yan Nazi suka hallaka kimanin mutum miliyan 1.1, mafi yawansu Yahudawa. Majalisar Ɗinkin Duniya ce ta keɓe ranar a 2005. A Jamus an saba kai ɗalibai ziyara sansanonin Dachau da Buchenwald, a Ruwanda kuwa ana kai su cibiyar tunawa ta Gisozi a Kigali, inda aka binne sama da mutum 250,000. Ziyarce-ziyarcen nan suna da fa'ida, sai dai ƙarshen ta'asa kawai suke nuna wa ɗalibi. Abin da zai tsare shi daga maimaita ta yana a mafarinta, wato irin kalaman da aka saba wa kunnen jama'a tun kafin a ɗaga makami.

Tarihin Jamus ya tabbatar da haka. Tun 1923 jaridar Der Stürmer ta Julius Streicher take ɓata sunan Yahudawa, a 1938 kuma maɗaba'arsa ta fitar da littafin yara da ke kamanta su da tsiro mai dafi. A 1940 aka haska wani fim na farfaganda da ya daidaita su da ɓeraye. Sai a ƙarshen 1941 aka soma hallaka su da iskar gas a sansanoni. Streicher bai taɓa shugabantar sansani ba, amma kotun Nuremberg ta yanke masa hukuncin rataya a 1946 saboda abin da ya rubuta ya yaɗa.

Haka aka yi a Ruwanda. Jaridar Kangura daga 1990, da gidan rediyon RTLM daga 1993, sun yi ta kiran 'yan ƙabilar Tutsi da kalmar da ke nufin kyankyasai. Daga 7 ga Afrilun 1994 aka kashe kimanin mutum 800,000 cikin kwana 100, galibi da adduna, sau da yawa kuma maƙwabci ne ya kashe maƙwabcinsa. A 2003 kotun ƙasa da ƙasa da ke Arusha ta samu Ferdinand Nahimana na RTLM da Hassan Ngeze na Kangura da laifin ingiza kisan.

Mai yiwuwa a ce tono wannan tarihi a aji fama tsohon miki ne. Ruwanda ma ta dakatar da koyar da tarihinta a makarantu fiye da shekara goma bayan 1994. To amma shirun makaranta ba ya hana yaro ji, sai dai ya bar shi a hannun jita-jitar gida da ta waya. Kuma darasin da aka gina kan nazarin kalamai ba ya buƙatar nuna wa ƙananan yara hotunan gawarwaki. Ya isa a ɗora musu tambaya: me ke faruwa da tausayi idan aka daina kiran mutum da sunan mutum?

A nan ne masana Hausa suke da rawar takawa. Kafofin yaɗa labarai na Hausa kan yi amfani da “kisan ƙare dangi” da “kisan kiyashi” kusan a ma'ana guda, alhali sun bambanta. Ta farko tana nuna niyyar shafe wata al'umma, wadda ita ce ginshiƙin ma'anar laifin a yarjejeniyar 1948. Ta biyu kuwa tana siffanta yawan mamata ne ta hanyar kamanta su da ƙwarin da ake murƙushewa ba a ƙirga ba. Malamin da ya warware wa ɗalibansa wannan bambanci ya nuna musu, cikin harshensu, yadda siffantawa ke rage darajar rai.

Don haka bai kamata a bar wannan darasi ga malamin tarihi shi kaɗai ba. Ya dace sassan Hausa na jami'o'i su daidaita kalmomin fannin, su samar da gajerun matanoni na sakandare kan Jamus da Ruwanda da kisan Herero da Nama a Namibiya tsakanin 1904 da 1908, sannan su horar da malamai kan nazarin kalaman ƙiyayya. Hausawa sun ce baki shi ke yanka wuya. Ɗalibin da ya koyi gane irin wannan baki a rediyo ko a Facebook ya fi wanda ya haddace adadin mamata kawai amfana da darasin.