Sharhi: Yadda fari a gonakin Kanada ke shafar tallafin masu fama da yunwa

Kowace shekara, manoma a lardunan Manitoba da Saskatchewan da Alberta na ƙasar Kanada kan keɓe wasu gonaki su noma su ta hanyar gayya, su sayar da amfanin, sannan su miƙa kuɗin ga ƙungiyar Canadian Foodgrains Bank domin ciyar da mabuƙata a ƙasashe masu fama da yunwa.

An kafa ƙungiyar a 1983, hedikwatarta na birnin Winnipeg, kuma majami'u da ƙungiyoyinsu 15 ne suka haɗu a cikinta. A tsarin gayyar, wani kan ba da fili, wani iri da taki, wasu kuma su kawo injinan girbi.

Sai dai noma a wannan yanki na tattare da kasada. Lokacin noman gajere ne: ana shuka a watan Mayu, a yi girbi daga Agusta zuwa Oktoba. Akasarin gonakin ba na ban-ruwa ba ne, sun dogara da ruwan sama da danshin dusar ƙanƙarar da ta narke. Fari ko ƙanƙara ko farin ɗango ko sanyin da ya yi sammako na iya lalata wahalar shekara guda.

An ga haka a 2021, lokacin da matsanancin fari ya rage alkamar da Kanada ta girbe da fiye da kashi ɗaya bisa uku. Gonakin agaji a yankin sun sha irin wannan ƙishirwa.

Tun daga 2008, gwamnatin Kanada ta janye sharaɗin cewa dole a sayi abincin agaji a cikin ƙasarta. Saboda haka yanzu akasari kuɗi ne ke tafiya, a sayi hatsi kusa da inda ake buƙatarsa. Wannan ya rage kuɗin dako, ya kuma buɗe wa manoman ƙasashen da ake taimaka wa kasuwa.

Amma tsarin ya ɗaure agajin da farashi. Idan girbi ya yi ƙaranci, tsadar alkama kan rage wa gonakin asara, sai dai ita wannan tsada ce ke jiran masu sayen abincin a ɗaya ɓangaren.

Gwamnatin Kanada na ƙara dala huɗu a kan kowace dala ɗaya da aka tara don tallafin abinci, amma iyakarta dalar Kanada miliyan 25 a shekara. 

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 733 ne suka yi fama da yunwa a 2023. Ga iyalan da ke jiran rabo a sansanonin 'yan gudun hijira, ruwan da ya sauka ko ya ɗauke a Saskatchewan cikin watan Yuli na da hannu a yawan abin da za a auna musu.