Gidan talaka a Gabi: wane irin tallafi ne zai yi mana amfani?

Ƴan kasuwa maza da mata: Duk shekara in damina ta yi nisa, wayoyin da muke samu a gidan rediyo daga Gabi da ƙauyukan bakin Gulbin Maraɗi maganarsu ɗaya ce: ɗaki ya faɗi, katanga ta zube, iyali sun koma gidan dangi ko ajin lakkwal. A 2024 abin ya wuce misali. Ruwan ranar 30 ga Ogusta ya kashe mutum 15 cikin birnin Maraɗi, a ƙasa baki ɗaya kuwa kusan mutum 400 suka rasu, ambaliya ta shafi sama da miliyan ɗaya da rabi. Komawa lakkwal ma sai da aka ɗage ta zuwa 28 ga Oktoba, domin azuzuwa da dama na cike da waɗanda suka rasa matsuguni.

Wasu na cewa a kwaikwayi Amurka. Can tun 1974 gwamnati ke taimaka wa mai ƙaramin ƙarfi da kuɗin haya. Ana ba shi takardar bon, ya nemi gida da kansa, ya biya wajen kashi 30 cikin 100 na abin da yake samu, hukuma ta cika wa mai gida sauran. Sama da iyali miliyan 2 ke cin moriyar tsarin, amma duk da arzikin ƙasar, akwai masu shekara da shekaru suna jiran layi.

Wannan dabara za ta iya taimakon ɗan haya a Yamai ko Maraɗi. Amma a Gabi yawancin jama'a cikin gidan gado suke, na laka da azara. Abin da ke hana su barci shi ne kuɗin sake gini bayan ruwa, da fili a kan tudu nesa da gulbi. Ga kuma waɗanda ƴan bindigar dajin Baban Rafi da bakin iyaka suka raba da ƙauyukansu, sun zo sun ƙaru a kan dangi. Bankin gidaje da aka buɗe a 2018 da kamfanin Sonuci kuwa, mai albashi suka fi sani. Mai tuyar ƙosai ba ta da takardar albashin da za ta nuna.

Saboda haka a ganinmu, in za a ba da bon a nan, to ya kasance na kayan gini: siminti na tushe, kwano, ƙusa, ƙofa. A Oktoban 2024 gwamnati ta rage kuɗin siminti da kusan kashi 35 cikin 100, amma rangwame wanda ke da kuɗi a hannu yake wa amfani. Bon shi ne ke kai kaya ga wanda aljihunsa ba komi.

To a nan ne maganar ta shafe ku kai tsaye. In aka ce a shagunan garinmu za a karɓi kayan, kuɗin zai zauna cikin kasuwarmu, mai amalanke da magini da mai saida abinci duk su samu. Sai dai ɗan kasuwa ba ya iya ba da buhu hamsin ya zauna wata shida yana bin hukuma bashi, jarinsa zai karye. Dole a ajiye kuɗin kafin a raba bon, a kuma sa ranar biya a rubuce. Mu ma da namu nauyin: in muka ƙara farashi ranar da bon ya fito, ko muka saye shi rabin kuɗi hannun mai yunwa, mun ci amanar maƙwabci.

Sauran aikin na ma'aikatar magajin gari ne. Tun zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 ake sa ran kwamin za ta tsara filaye, amma a wurare da dama yanka fili ya zama hanyar cika asusu, mai kuɗi ya sayi goma ya ajiye. A Afrilun 2024 aka rushe majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa kantomomi. Ko wane ne ke bisa kujera, abu uku muke roƙo: a ware filaye kan tudu don waɗanda ruwa ya kora, a karanta sunayen masu samun tallafi a bainar jama'a gaban mai gari da limamai da ƙungiyoyin mata, kuma a ba kowa takardar filinsa.

Takardar nan kada a raina ta. Dokar filayen karkara ta 1993 ta tanadi kwamitocin filaye, kuma yau akwai su tun daga ƙauye har gunduma. Ke da kika sayi fili da kuɗin adashi, je ki a rubuta shi da sunanki tun shaidu na raye. Mun sha ganin matar da mijinta ya rasu ta fita da yara daga ɗakin da ita ta yi wa kwano.

Da rani ake gyaran ɗaki. Mu taru mu kai wannan magana gaban hukuma kafin hadari ya haɗo. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu da sharrinta.