Ɗan aiken da ya tafi ya zauna

Makon jiya autana ya dawo daga lakwal yana ta dariya, wai malaminsu ya ce sunan Kamaru daga jatan lande ya samo asali. Na ce kai tafi can. Ashe yaron yana da gaskiya: wajen 1472 matuƙan jiragen Fotugal suka shigo bakin kogin Wuri, nan Duwala, suka tarar da jatan lande jingim, suka raɗa wa kogin suna Rio dos Camarões.

Garin bin diddigin mutanen nan na ci karo da wani da ya hana ni barci, Pero da Covilha, bafaden Sarki Joao na Biyu. A 1487 sarkin ya aike shi, shi da Afonso de Paiva, su gano inda kayan yaji ke fitowa, su kuma nemo sarkin Kiristan da ake labari a gabas. Da yake Pero na jin Larabci, sai suka yi shigar fatake, suka sayi zuma suka shiga da ita Masar. Kun ji dabara. Wa zai tsare mai zuma da tambaya?

A Adan suka rabu. Pero ya kai har Kalikut da Gowa a Indiya. Da ya komo Alƙahira ya tarar abokin tafiyarsa ya rasu, ga kuma manzannin sarki da sabon umarni. Ya ba su rahotonsa, ya ƙara gaba, daga bisani ya shiga Habasha. Can aka karɓe shi hannu bibbiyu, aka ba shi ƙasa da mata, amma aka hana shi fita. Da tawagar Fotugal ta iso a 1520, sai ta tarar da tsoho mai 'ya'ya da dukiya. A Habasha ya mutu. Matar da ya baro a gida ba ta sake ganinsa ba.

Ita wannan matar ce ta tsaya mini a rai, don littattafai ta mijin suke yi. Ni ma da na sauka New Bell da buhunan albasa, wata uku na ce wa mahaifiyata a Maraɗi. Yau ga ni a Yassa da shago da iyali, zuwana gida na ƙarshe tun autan nan na goye. Pero dai sarki ne ya riƙe shi. Ni ba wanda ya riƙe ni sai bashin da nake bin mutane, da "bari kasuwa ta buɗe".

Daren Juma'a na kira Inna. Ta ce kuɗin sun iso, Allah ya yi albarka. Sai ta yi shiru, ta ce, "Yaron nan, da wa yake kama?"

Na ce bayan Sallah zan kawo mata shi ta gani da idonta. Ta ce to, haka na ce bara.