Kowace Kyamara da Karin Harshenta

Mai yiwuwa ne wani ya ga kan wannan maƙala ya ce me ya haɗa kifi da kaska, watau me ya kai ɗalibin Hausa zancen ƙirar kyamara. Amsar ba ta da nisa. Duk wanda aka taɓa turawa bincike a cikinmu, ko maƙera, ko karofi, ko fagen dambe, ya san alƙalami da rikoda kaɗai ba su wadatarwa, sai an haɗa da hoto. Yawancinmu kuwa ba mu mallaki kyamara ba, aro muke yi, yau a hannun wannan gobe a hannun wancan. Mai aro shi ya fi kowa sanin cewa kyamarorin nan ba harshe ɗaya suke ji ba.

Bari in fara da abin da ya same ni. A wani hutun Sallah na tafi gida da niyyar ɗauko hotunan hawa, saboda wani aiki da nake yi a kan kayan doki. Kyamarar da na saba ara mai ita ya yi tafiya, sai wani abokina ya taimaka mini da tasa, wadda ta ma fi waccan tsada da kyau, amma ta wani kamfani ce dabam. Na sami wuri tun da hantsi na tsaya, rana tana dukana. Da mahaya suka sako dawaki za su yi jahi, sai na murɗa zoben da ake jawo abu kusa da shi, kamar yadda hannuna ya saba. Maimakon dawaki su matso, sai na ga sun ƙara nisa, sun koma kamar tururuwa. Kafin in gane in juya hannu, har an ja linzami, ƙura ta lafa. Abin da na koma da shi makaranta hoton bayan dawaki ne da ƙeyar 'yan kallo. Jahi kuwa ba a ce wa mahaya don Allah su maimaita.

Da farko na ɗora wa kaina laifi, na ce ai ba a fafe gora ranar tafiya. Gaskiya ne ina da nawa kason. Amma da na bi diddigin al'amarin, sai na tarar ba ni kaɗai ba ne, har ƙwararrun da suka tsufa a sana'ar suna wannan kuka. Ra'ayina a nan shi ne, bambancin da ke tsakanin kyamarori iri uku ne: akwai wanda dabara ce ta kawo shi, akwai wanda gado ne kawai, akwai kuma wanda shinge ne aka kafa da gangan don kada mai saye ya tsallaka gidan maƙwabci. Na farkon ne kaɗai ya cancanci a yi masa uzuri.

Mu ɗauki na gado tukuna, don shi ya fi ban mamaki. In ka fuskanci kyamarar Canon za ka ɗaura mata madubi, watau gilashin nan na gaba da haske yake bi ya shiga, sai ka murɗa shi yadda hannun agogo yake tafiya. In ta Nikon ce kuwa, sai ka murɗa akasin haka. Zoben saita hoto ya fito tangaran shi ma haka: Nikon da Pentax suna bin hanya guda, Canon da Leica suna bin ɗayar. Mai karatu zai zaci akwai wata hikima a ciki. Asalin abin yana ƙasar Jamus ne, wajen kamfanoni biyu masu kishi da juna: Leitz na garin Wetzlar, wanda ya fitar da Leica a 1925, da Zeiss Ikon na Dresden, wanda ya fitar da Contax a 1932. Da mutanen Japan suka shiga sana'ar, sai Canon ya kwaikwayi Leica, shi kuwa Nikon, a kyamararsa ta farko ta 1948, ya ɗauki fasalin Contax har da yadda madubinta yake ɗauruwa. Ga shi an doshi shekara ɗari, an bar fim an koma kati, amma hannun mai hoto yana nan yana biyan bashin kishin Jamusawa. Abin dariya a ciki shi ne, kyamarar farko da Canon ya sayar a wajen 1936 madubin Nikkor ne a jikinta, watau na kamfanin da daga baya ya zama Nikon. Ashe ma 'yan ɗaki ɗaya ne.

A cikin kayan gadon nan har da ma'aunin haske, ɗan layin nan da ake gani in an leƙa. Shekaru masu yawa na Nikon yana ɗauke da alamar ƙari a hagu, ta ragi a dama, na Canon kuwa akasin haka. Daga baya Nikon ya juya nasa ya bi sahun jama'a, sama kuma ba ta faɗo ba.

Sai maganar sunaye, wadda ta fi taɓa mu da muke nazarin harshe. Akwai wata dabara da ke hana hoto yin dishi-dishi in hannu ya yi rawa. Aikin ɗaya ne, amma Canon ya kira ta IS, Nikon ya ce VR, Sony ya ce OSS, Sigma ya ce OS, Tamron ya ce VC. In kana son ka zaɓi saurin ƙiftawar kyamara da kanka, a Nikon harafin S za ka nema, a Canon kuwa Tv, wanda baƙo zai ɗauka talabijin ake nufi. In kana son saiti ya riƙa bin abin da ke motsi, kamar doki a guje, wani ya rubuta AF-C, wani ya rubuta AI Servo. Mu mun san karin harshe, mun san Basakkwace ya ce wanga Bakano ya ce wannan. Amma karin harshe zama da nisan gari ne suke haifar da shi, ba wanda ya zauna a ofis ya ƙirƙire shi. Waɗannan kuwa manyan kamfanonin a birni ɗaya suke zaune, Tokyo da kewayenta, kuma kowanne ya san sunan da ɗan'uwansa ya sa kafin ya raɗa nasa.

Wani zai ce, ai kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma gasa ita ce take kawo ci gaba. In aka tilasta wa kowa ƙira ɗaya sai tunani ya mutu. Wannan magana tana da ƙarfi, ba zan raina ta ba, don nan ne bambancin dabara yake shigowa. A 1987 Canon ya yi watsi da tsohon bakin madubinsa mai suna FD, wanda ya fito da shi tun 1971, ya kawo sabo mai suna EF, wanda kyamara da madubi suke magana da juna ta lantarki zalla, injin saiti kuma yana cikin madubin. Waɗanda suka tara dukiya a tsofaffin madubai suka wayi gari kayansu ba su shiga sabuwar kyamara, suka yi ta Allah-wadai. Amma sabon tsarin ya yi sauri ƙwarai, har masu ɗaukar hoton wasanni da yawa suka koma gidan a shekarun 1990. Nikon ya ɗauki wata hanyar, ya riƙe bakinsa na F wanda ya faro a 1959, yana ta yi masa ƙari da faci. Wannan riƙon amana ne, sai dai ya haifar da nasa ruɗanin: madubi ya shiga daidai, amma a wata kyamarar, kamar D40 ta 2006, ya ƙi saita kansa, domin an cire injin da ke juya shi daga jikinta. Kowane allazi da nasa amanu. Duka biyun zan iya fahimtarsu, domin kowanne yana da hujjar da zai kafa. Haka nan Fujifilm, da ya dawo da ƙawanyoyi masu lambobi a saman kyamara tun daga X100 ta 2011, don mutum ya ga saitinsa ko kyamara tana kashe. Wannan ra'ayi ne a kan yadda ya kamata hannu ya yi aiki, wanda ya ga dama ya bi, wanda bai gani ba ya bari.

To amma wace hujja ce a juya zobe hagu ko dama? Mu dubi mota. Peugeot da Toyota suna gasa a inji da shan mai da ƙarko, amma ba wanda ya taɓa cewa don ya bambanta da abokin gasarsa zai mai da birki inda totur yake. Direba yana sauka daga wannan ya hau waccan, ƙafarsa ba ta tambaya. Lokacin da Nijeriya ta bar tuƙi ta hannun hagu ta koma dama a watan Afrilu na 1972, sai da aka daɗe ana wayar da kan jama'a, domin an san sabon hannu ba a sauya shi dare ɗaya. Kamfanonin kyamara kuwa ko a cikin gidansu ba su jin nauyin wannan. Canon ya saba sa makunnin wasu kyamarorinsa a kafaɗar hagu, sai a R6 Mark II ta 2022 ya mai da shi dama, ya sa na sauyawa tsakanin hoto da bidiyo a tsohon gurbin. Mai riƙe da tsohuwa da sabuwa a wurin biki ɗaya sai ya je kashe kyamara ya tarar ya shiga ɗaukar bidiyo. Olympus da Panasonic sun haɗa kai a 2008 suka yi baki ɗaya, madubin wannan yana shiga kyamarar wancan, abin a yaba. Amma zoben jawo abu kusa kowanne da inda nasa yake juyawa. Sony kuwa an daɗe ana kuka da jerin umarnin da ke allon kyamarorinsa, shafi bayan shafi kamar kasuwar da ba layi, sai a 2020 ya sake masa tsari.

A nan zan ɗan ratse. Kusan duk kyamarar da ke kasuwa a yau, mariƙinta da maɓallin ɗaukarta a dama suke. A wannan kam kamfanoni sun yi ittifaƙi, ba tare da sun shawarci bahago ba. Exakta ta Dresden, wadda ta fito a 1936, ita ce sananniya da maɓalli a hagu, ta kuwa daɗe da kwanta dama.

Saura shinge, wanda shi ne ya fi ci mini rai, don aljihu yake taɓawa. Kowane kamfani da batirinsa da cajarsa, wani lokaci ma kyamara biyu na gida ɗaya ba su musayar batir. Filasha ta wannan in ka ɗora wa wancan, ko dai ta ƙi aiki ko ta yi rabin aiki. Minolta ma a 1988 sake fasalin mazaunin filashar ya yi gaba ɗaya, Sony ya gaji abin da ya karɓi sashen kyamarorinsa a 2006, bai rabu da shi ba sai 2012. An yi zamanin da Sony yake da katinsa na Memory Stick, Olympus da Fujifilm suke da nasu na xD, har katin SD ya zo ya kore su duka, aka bar masu saye da katunan da ba su da mashiga. Da Canon da Nikon suka fito da sababbin bakuna a 2018, RF da Z, Canon ya daɗe bai bar wasu kamfanoni su ƙera madubai masu saita kansu ga nasa ba, sai a 2024 ya ba Sigma da Tamron izini a kan wani rukuni. Ma'anar duk wannan ita ce, wanda ya sayi kyamara ya yi aure ne a gidan. Ran da ya gaji ya ce zai fita, sai ya sayar da madubai da filasha da batura a kan asara, ya je sabon gida ya tarar da nasu halin. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da biri an sayi kare.

Kada a ce haɗin kai ba ya yiwuwa, domin an yi shi an ga amfaninsa. A 1934 Kodak ya fitar da gwangwanin fim mai lamba 135, kowa ya bi, har ya zama fim ɗin da ka saya a kowane kanti yana shiga kowace ƙaramar kyamara, ta Jamus ce ko ta Japan ko ta Rasha. Baki mai zare na M42 kamfanoni da dama sun yi tarayya a kansa, shi ya sa madubansa har gobe suke yawo a kasuwar gwanjo. Leica da Panasonic da Sigma sun ƙulla irin wannan ƙawance a 2018. Inda kuma kamfanoni suka ƙi, hukuma ta iya: daga ƙarshen Disamba na 2024 Tarayyar Turai ta wajabta cewa sababbin kyamarori masu caji ta waya da za a sayar a ƙasashenta su zo da mashiga irin ta USB-C.

Akwai shinge guda da nake roƙon malamaina su dube shi da idon basira, domin ya shafi ajiyar abin da muke tarawa. Hoto mafi cikar bayani, wanda kyamara take ajiyewa ɗanye kafin a gyara shi, kowane kamfani da irin kwanon da yake zuba shi: Canon CR2 da CR3, Nikon NEF, Sony ARW, Fujifilm RAF. Ba kowace manhaja ce take buɗe su ba, sabuwar kyamara kuma takan zo da sabon salo wanda tsohuwar manhaja ba ta gane shi. Adobe ya kawo DNG a 2004 don ya zama na kowa, Leica da Pentax suka karɓa, manyan suka kau da kai. Fim ɗin da aka wanke shekara hamsin da suka wuce, ɗaga shi kawai za ka yi ga hasken taga ka ga abin da ke ciki. Hoton tsohon maƙerin da ɗalibi ya ɗauko bana, wanda wataƙila baɗi ba za a same shi da rai ba, yana kulle cikin kwanon da mabuɗinsa ke hannun wani kamfani a Tokyo. Saboda haka nake ba da shawara, duk hoton bincike da za a miƙa wa Sashe a ajiye shi iri biyu, ɗanyen a mai da shi DNG, a haɗa da kwafin JPEG, a kuma rubuta sunan kyamarar da aka ɗauka da ita. In kuma wata rana Sashe ya sami halin sayen kyamarori don aron ɗalibai, a saye su daga gida ɗaya, ko da ba shi ne gidan da ya fi suna ba, don batir ɗaya da madubi ɗaya su zagaya kowa.