Daga Abale zuwa ɗan bindigar TikTok: wa muke yi wa dariya?

Duk wanda ya leƙa wayar matashi a Funtua ko Malumfashi bayan isha'i, da wuya ya rasa abu uku: guntun bidiyon Big Brother Naija da ake kallo a ɓoye, fim ɗin daba mai ban dariya, da wata baiwar Allah tana koyar da girki. Ni ma ukun nan duk ina kallo, kuma ina jin daɗinsu. Sai dai akwai na huɗu da ya kutso tsakaninsu ba sallama, shi ne ɗan bindiga zaune a daji, bindiga a cinya, yana hira kai tsaye a TikTok da dubban mutane. Wannan na huɗun shi ya sa na ɗauki alƙalami yau.

Mu fara da fim ɗin daba, tunda shi ake ta jifa. A watan Satumba na 2021 Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, a zamanin Isma'il Na'abba Afakallah, ta hana fina-finan da ke nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya. A 2024, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, aka sake tsuke bakin aljihu a kan fina-finan daba. Hujjarsu ita ce yara suna koyi. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, don duk mun ji yaran unguwa suna kwaikwayon hausar Abale, wato Daddy Hikima na shirin A Duniya, har da ƙanƙance ido da jan murya.

Amma fa Abale ɗan wasa ne. Wuƙarsa ba ta taɓa yanka kowa ba, kuma idan darakta ya ce a tsaya, zai wanke fuska ya tafi gida. Dariyar da muke yi masa ta wautar ɗan daba ce, mai cika baki da rana, ya ruga da gudu idan ya hango motar 'yan sanda. Bahaushe ya daɗe yana mayar da abin tsoro abin dariya, marigayi Ibro da wannan ya ci abinci har ya koma ga Allah a 2014. Mutumin da ke kwana da kunne ɗaya a buɗe saboda ƙarar babura, kar a zarge shi don ya nemi abin da zai sa shi murmushi.

Abin lura shi ne, a wannan watan na Satumbar 2021 da Kano ke hana fim, a nan Katsina layukan waya aka katse a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Funtua da Malumfashi da Bakori da Faskari da Ƙanƙara. Can ana faɗa da bindigar roba, nan muna fama da ta gaske. Da sabis ya dawo, sannu a hankali sai mutanen dajin su ma suka gano daɗin kyamara.

Yanzu ku duba yadda shirinsu yake. Duk abin da ke sa a kalli Big Brother yana ciki: mutum na gaske, ba rubutaccen labari, ba ka san abin da zai faru ba, kuma kana iya sa baki. Yana baza damman kuɗi a tabarma, yana raha, yana amsa tambayoyi. A ƙasa kuma samari da 'yanmata suna zuba alamar dariya, wasu na kiransa oga, wasu har da ajiye lambar asusu wai a taimaka musu da na data. Jama'a, kuɗin nan daga ina suka fito? Wani ya sayar da gona ne, wata ta sayar da shanun gadon marayu, wani gari ya yi karo-karo kafin a sako mutanensa. Ba a manta da ɗalibai sama da 300 da aka kwashe a Ƙanƙara a Disambar 2020 ba, balle masallatan Unguwar Mantau a Malumfashi da aka buɗe wa wuta suna sallar asuba a watan Agustan 2025.

Wani zai ce ai kallo kawai yake yi, bai ba su ko sisi ba. A intanet kallo shi ne kuɗin shiga. Duk daƙiƙar da ka tsaya a kan bidiyo, manhajar tana ɗauka cewa abin ya burge ka, sai ta tura wa wasu irinka. Ko zagi ka rubuta, ka ƙara masa kasuwa. Haka yaro ɗan shekara 15 a ƙauye, wanda makarantarsu ba malami, zai wayi gari ya ga wanda ya fi kowa mabiya a yankinsu shi ne mai bindiga. Bidiyoyin zaman sulhun 2025 a Faskari da wasu wurare, inda aka ga mutanen daji sun zo taro da makamansu ana ɗaukarsu a waya kamar 'yan fim, sun ƙara wa wannan hoton armashi. Hukumar tace fim ba ta da iko a kan wannan, TikTok kuma sai ya rufe shafi ɗaya wani ya ɓullo.

Girki kuwa, da ake ɗauka shi ne mara ruwa da siyasa, a ganina ya fi su duka faɗin gaskiyar halin da muke ciki. Daga Akushi Da Rufi na Arewa24 zuwa matan da ke ɗora bidiyo daga madafinsu, kowace tukunya tana da tarihi. Tuwon masarar da ake tuƙawa a bidiyo, daga gonakin Bakori da Ɗandume da Ɗanja da Ƙafur masarar take fitowa, gonakin da wasunsu sai an biya haraji ga mutanen daji kafin a shuka, a sake biya kafin a girbe. Bayan cire tallafin mai a Mayun 2023 tiya ta gagari talaka. Da farashi ya faɗo a 2025, sai kuka ya koma gidan manomi, wanda ya sayi taki da tsada ya sayar da hatsi a wulaƙance.

Shi ya sa nake jin haushin yadda yawancin bidiyon girkinmu suke kwaikwayon madafin Abuja, da kaji biyu da kayan ƙamshin kanti. Wadda ta fi burge ni ita ce mai nuna yadda za a ciyar da gida mai mutum takwas da dambun zogale ko faten tsaki, ta faɗi nawa ta sayo tiya a kasuwa ranar, ta faɗi dabarar da ta yi mai ya isa. Irin waɗannan suna nan a Funtua da Malumfashi, da ƙaramar waya da murhun gawayi, sai dai mabiyansu ba su kai rabin na mutumin da ke zaune a daji ba.