Kalma Biyu, Ma'ana Huɗu

Jama'a, a makon nan wani malamin makaranta ya aiko mana da takarda yana tambayar ma'anar "bring up". Ya ce ya san "bring" kawo ne, "up" kuwa sama, amma da ya gama su wuri ɗaya sai maganar ta ƙi zama.

To, Malam, ai ba za ta zauna ba. Turawa suna da kalmomi masu tafiya biyu biyu, kadan ka raba su ka kashe ma'ana. Mu ma haka muke. Wanda ya ci amana ba da haƙori ya ci ba, wanda ya sha kashi kuwa bai kai ƙoƙo baki ba.

Ma'ana ta fari reno ne da tarbiyya. "My aunt brought me up", watau gwaggota ce ta rene ni. Ta biyu tayar da zance a gaban mutane. "He brought up the matter of tax", ya tayar da zancen haraji. Ta uku amai, ma'aikatan asibiti sun fi kowa jinta. "The child brought up his food", yaro ya amayar da abincinsa.

Ta huɗu ita ce tamu ta akawuna, ita ce kuma mai hatsari. In babba ya rubuta B.U. a fayil tare da kwanan wata, nufinsa a ajiye, ranar nan in ta zo a sake kawo masa ya duba. Wannan dabam take da P.A., watau "put away", an gama ke nan, a mayar ma'aji. Akawun da ya rikita biyun nan ya binne kukan wani bawan Allah. Watakila takardar fanshon tsohon soja ce, ko ƙarar gona, mai ita yana ta zarya ƙofar ofis har damina ta wuce, alhali kuwa fayil yana can ƙura ta rufe shi. Saboda haka duk B.U. da ka gani, shigar da ranar cikin littafinka nan take, kowace safiya ka duba shi kafin ka taɓa wani aiki.

Saura abu guda. In maganar da "it" ce ko "him", tsakiya suke shiga. Sai a ce "bring it up", ba a cewa "bring up it".

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, sai "put off". Haza wasalam.