Ƙarar gayya: wa zai tsaya wa talakan Junju gaban alƙali?

A kasuwannin gundumar Junju, tun daga garin Junju kansa har Karakara da Zabori, akwai wata irin cuta da ba ta taɓa isa gaban alƙali. Manomi zai sayi buhun taki ya tarar an gauraya shi da yashi. Uwa za ta sayi maganin zazzaɓi wanda wa'adinsa ya shige. Leburan da ya wuni yana saran rake a fadamun Dallol Mawri, ko yana lodin buhuna a tashar Gaya, za a zaftare masa wani abu daga ladarsa. Hasarar kowane ɗayansu ba ta wuce jika 2 ko jika 5 ba, kuma babu mai hankalin da zai kashe jika 20 a kuɗin mota da takardu don ya ƙwato jika 2. Amma idan aka tara hasarar mutum dubu, sai ta zama miliyoyi a aljihun mutum guda. Macuci ya san wannan lissafi sarai, kuma da shi yake cin kasuwarsa.

Amurkawa sun daɗe da samun maganin wannan lissafi, wanda za a iya kira ƙarar gayya. Bisa ƙa'idar da kotunan tarayyarsu suka sabunta a 1966, mutum ɗaya ko ƴan ƙalilan na iya shigar da ƙara da sunan duk waɗanda aka yi wa cuta iri ɗaya, hukuncin kuma ya shafi kowa. Sai dai manyan kamfanoni sun gano hanyar zillewa: suna sanya sharaɗi cikin kwantaragi cewa duk saɓanin da ya taso a kai shi gaban mai sasanci na kuɗi, kowa shi kaɗai. Kotun Ƙoli ta amince da wannan sharaɗi a kan masu saye a 2011, sannan a kan ma'aikata a 2018. Da ƙofar ta ƙuntata, sai hankali ya koma kan dokokin jihohi. A Kalifoniya, tun 2004, wata doka da ake kira PAGA ta ba ma'aikaci damar kai mai gidansa ƙara a madadin jiha, ya nemi tarar da hukuma ya kamata ta ci shi. Kafin gyaran 2024, kashi 75 cikin 100 ne ke shiga baitulmali, kashi 25 a raba wa ma'aikatan da aka cuta. Akwai kuma hanyar babban lauyan jiha, wanda ke iya tsayawa a madadin jama'arsa. Ta haka ne jihohi 46 suka sa manyan kamfanonin taba suka amince, a 1998, da biyan dalar Amurka biliyan 206 cikin shekara 25.

Tsarin shari'ar da Nijar ta gada daga Faransa ya ginu a kan cewa kowa shi ke kai kukansa da kansa, ko ta bakin wanda ya wakilta. Ita kanta Faransa sai a 2014 ta buɗe ƙofar ƙarar gayya ga masu saye, ta kuma danƙa mabuɗin a hannun ƙungiyoyin da hukuma ta amince da su kaɗai. To, ko ya dace Nijar ta kwaso tsarin Amurka dungurungum? Zanen aro ba ya rufe katara. Ƙarar gayya irin tasu tana buƙatar lauyoyi masu jarin ɗaukar nauyin shari'a shekara da shekaru, alhali mafi yawan lauyoyin Nijar a Yamai suke zaune. Tana kuma buƙatar rasit da takardar albashi, alhali cinikin Junju da baki ake ƙulla shi. Hanya ta biyu, wadda hukuma ko ƙungiya ke tsayawa a madadin jama'a, ita ta fi kama da ƙasar nan.

Kano ta gwada wannan hanya, kuma darasinta yana da zaƙi da ɗaci. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gudanar da gwajin maganin Trovan a kan yara kusan 200 a Kano, 11 daga cikinsu suka rasu. Iyaye sun shigar da ƙara a Amurka a 2001, aka yi ta ja-in-ja a kan ko kotun can tana da hurumi. Da gwamnatin jihar Kano ta shigar da tata ƙarar a 2007, cikin shekara biyu aka sasanta a kan dalar Amurka miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Amma iyalai huɗu na farko ba su karɓi diyya ba sai a 2011, shekara 15 bayan faruwar abin. Nauyin hukuma yana sa babban kamfani ya zauna a tattauna. Sai dai idan ba a shata tun farko yadda kuɗin za su isa hannun masu haƙƙi ba, jiran na iya cinye ƙuruciyar yaro kaf. A nan gida ma, ba a manta da yaran Tibirin Gobir ba, waɗanda ruwan famfo mai yawan sinadarin fulor ya lanƙwasa wa ƙasusuwa. Sai da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam, ANDDH da FIDH, suka ɗauki maganar, suka fitar da rahoto a 2002, sannan duniya ta ji kukan ɗaruruwan iyalai waɗanda babu ɗayansu da zai iya ja da kamfanin ruwa shi kaɗai.

A takarda, Nijar ba ta rasa dokoki ba. Kundin dokokin ƙwadago na 25 ga Satumba 2012 ya ba sufeton ƙwadago ikon shiga wuraren aiki da sasanta ma'aikaci da mai gidansa, ya kuma sa shari'a gaban kotun ƙwadago ta zama kyauta. Sandika tana da ikon zuwa kotu idan aka taɓa maslahar sana'ar da take wakilta. Tun watan Janairun 2024 mafi ƙarancin albashi ya tashi zuwa jika 42 a wata. A 2015 an kafa dokar da ta shata ginshiƙan kare masu saye, a shekarar kuma dokar sarautun gargajiya ta tabbatar wa sarakuna ikon sasanta rigingimu. Akwai kuma hukumar ANAJJ, wadda aka kafa a 2011 don taimaka wa marar hali a gaban shari'a.

Matsalar ita ce mafi yawan waɗannan hanyoyi suna tsayawa a Doso ko Yamai. An ɗaga Junju ta zama gunduma a 2011, bayan an cire ta daga Gaya, amma leburan da aka hana ladarsa har yau sai ya yi tunanin tafiyar Doso kafin ya ga kotun ƙwadago. Shari'ar kyauta ce, motar zuwa ba kyauta ba ce, haka ma wunin aikin da zai rasa. Sarki na iya sasanta mutum biyu da ke zaune a ƙasarsa, amma ba shi da ikon tilasta dillalin da ya shigo da kaya ta Kamba ko Malanbil ya koma inda ya fito. Wata ƙofar ma da a da ake dogara da ita ta rufe. A 2008 kotun CEDEAO ta ba Hadijatu Mani gaskiya a kan bautar da aka yi da ita, ta umarci gwamnati ta biya ta sefa miliyan 10. Tun da Nijar ta fice daga ƙungiyar a watan Janairun 2025, nauyin duka ya dawo kan dokokin cikin gida.

Saboda haka akwai gyare-gyaren da ya kamata ofisoshin ministocin shari'a, ƙwadago da kasuwanci su sa a gaba. Na farko, a ba ƙungiyar masu saye da sandika cikakken ikon shigar da ƙara ɗaya tilo su nemi diyyar kowane mutum da aka cuta, a kuma karɓi shaidar baki da aka rubuta gaban mai gari a madadin rasit. Na biyu, idan ma'aikaci ya kai kuka ga sufeto, wa'adin da doka ta yanka ya cika ba a yi komai ba, to ya samu damar shigar da ƙara da sunan hukuma, a kuma ware wa ma'aikata wani kaso na tarar. Na uku, alƙalai su riƙa fita zaman tafi-da-gidanka ranar kasuwa don sauraron irin waɗannan ƙararraki, kamar yadda suke fita don yi wa yara takardun haihuwa. Na huɗu, duk diyyar da aka yanke a raba ta a bainar jama'a, da jerin sunaye da ranar biya.

Za a ce irin wannan dama za ta zama sana'ar masu neman na goro, su riƙa barazana ga ƴan kasuwa. Tsoron yana da tushe. A Kalifoniya an yi ta ƙorafin cewa abin ya koma kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi, har aka gyara dokar a 2024, aka ɗaga kason ma'aikata zuwa kashi 35, aka kuma sassauta wa mai gidan da ya gaggauta gyara kuskurensa. Nijar na iya fara wa daga inda suka gyara: a ƙayyade ladar lauya, a hukunta mai ƙarar ƙarya. Ɗan kasuwa mai gaskiya shi ne zai fara cin moriya, domin mai taki da yashi ne ke karya masa farashi.

Sharaɗi ɗaya ya rage, kuma shi ne mafi nauyi: ƙungiyoyin da za a ba wannan amana su kasance masu cin gashin kansu. A 2005, lokacin da aka ɗora harajin kashi 19 cikin 100 a kan kayan masarufi, gamayyar ƙungiyoyi masu yaƙi da tsadar rayuwa ce ta sa aka rufe shaguna da kasuwanni har gwamnati ta sassauta. Ƙungiyar da sai ta nemi izinin wanda za ta kai ƙara ba za ta ƙwato wa kowa ko dala ɗaya ba. Muddin doka ta bar kowane manomin Zabori da kowane leburan Gaya shi kaɗai da macucinsa, to cutar talaka za ta ci gaba da zama sana'a mai riba, kuma masu rubuta doka ne za a tambaya dalili.